Leƙen Gaɓa

Ranar Talata, sha shida ga Agusta, 1994, wani likita a Kano ya rubuta kalma ɗaya a takarda ya miƙo mini, ni kuma na gyaɗa kai kamar na san ta. Ban san ta ba. Matata tana zaune a benci kusa da ƙofa, ƙafar dama a miƙe, tana kallon bakina.

Sunana Ja'afaru. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da Turanci da labarin ƙasa, galibinsu a Haɗeja. Ɗakina cike yake da littattafai, rabinsu na saye su hannun malaman Indiya da na Gana lokacin da suka tattara suka bar ƙasar. A unguwarmu ni ake kawo wa wasiƙa, da sammacin kotu, da 'yar takardar nan ta cikin kwalin magani. Mutum irin wannan ba ya buɗe baki gaban likitan da ya haifa ya ce bai gane ba.

Sunan matata Gumsu. A takarda ina iya rubuta shi. A baki kuwa, shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa furta shi ba. Matar fari ce, a zamaninmu ba a yi. "Ke" nake cewa, in da baƙi na ce uwar Zaituna.

A fadama gwiwar ta lalace. Tana da gonar shinkafa da ta gada a garinsu, can inda ruwan kogi ke malala kowace damina, kuma ba ta taɓa yarda ta bar wa kowa ita ba. Daminar da ta gabata ƙafarta ta nutse cikin taɓo, jikinta ya juya, ƙafar ta ƙi juyawa. Tun daga nan gwiwar ke kumbura ta sace, ta sake kumbura. Wani lokaci ta maƙale tana tsakiyar ruku'u, sai dai ta ƙarasa salla a zaune.

Likitan ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya murɗa har ta cije gyalenta. Gwiwar ya duba, bai dubi mai gwiwar ba. Sannan ya juyo gare ni da Turanci mai sauri, hannu ɗaya a kan ƙofa. Ya ce da na'urarsa ya zo daga waje, zai koma da abarsa ƙarshen Satumba, mu dawo ranar Litinin ashirin da tara ga wata. Ya rubuta kalmar: arthroscopy. Ya ce, "Ka gane ai?"

Na ce na gane.

Shekarar ce man fetur ya ɓace saboda yajin aiki. Mu tara aka cusa cikin Fijo, ƙafarta a kan cinyata don babu inda za a ajiye ta. Ba mu bar Kano sosai ba ta matso da bakinta.

"Malam, me ya ce?"

"Bari mu isa gida."

Da muka wuce Gujungu ta sake tambaya. "Yanka ne?"

"Na ce ki bari mu isa gida. A mota ake irin wannan magana?"

Na san abin da ke ranta. A 1981 aka shiga da ƙanwarta 'Yar'azumi ɗakin tiyata za ta haihu, aka fito da ita a lulluɓe. Tun daga ranar ko ragon layya ba ta tsayawa a feɗe shi.

Laraba da Alhamis na rufe kaina a ɗaki. Babban ƙamus ɗina bugun shekarun sittin ne, kalmar ba ta ciki. Amma na sami danginta. Kanta iri ɗaya ne da na sunan ciwon sanyin ƙashi a Turanci, kuma ƙamus ya ce daga Girkanci yake, arthron, wato gaɓa. Wutsiyarta kuwa tsohuwar sani ce, ita ce a ƙarshen sunan madubin da ake hango taurari da shi: skopein, dubawa. Duba gaɓa ke nan. To, amma ta yaya ake duba cikin gaɓa ba a buɗe ta ba? Wannan ƙamus bai faɗa ba. Ni kuwa ban taɓa ba ɗalibi maki a kan zato ba, balle in ba kaina.

Ranar Juma'a da safe na kwafe kalmar a bayan ambulan na tafi gidan Yohanna. Mutumin Filato ne, ya yi shekara talatin yana ba da magani a ƙananan asibitocin ƙasar Haɗeja kafin ya yi ritaya, kuma abokin darata ne. Ɗansa na karatun likita, ya bar wasu littattafai a gida.

Yohanna ya karanta ambulan ɗin, ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga murya don matarsa ta ji.

"Malam Ja'afaru da kansa yake neman kalma? Dibora, fito ki gani. Yau za a yi ruwa."

"Damina ce, Yohanna. Ko ban zo ba za a yi."

"Ka ce dai ba ka sani ba. Sau ɗaya. In ji da kunnena kafin in mutu."

"Ɗauko littafin."

Ya ɗauko. Shafi ɗaya da rabi ne, har da zane. Ba a buɗe gwiwa. 'Yan huji biyu ake yi, kowanne bai wuce maɓallin riga ba. Ta ɗaya a zura bututu mai kaurin fensir, da fitila da gilashi a bakinsa, a cika gaɓar da ruwan gishiri don a gani sosai. Ta ɗayan a zura ɗan almakashi a datse guringuntsin da ya yage. Cikin 'yan kwanaki mutum na takawa. Littafin ya ce wani likita a Japan ya gwada abin tun wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko, a gwiwar gawa, da bututun da aka ƙera don duba mafitsara. Shekara saba'in da wani abu kafin labarin ya iso ɗakin Yohanna.

Sau uku na karanta. Ban ɓoye ba, daɗi na ji, irin daɗin da nake ji idan lissafi ya fita daidai. Girkawan ba su yi ƙarya ba. Leƙe ne.

"Je ka gaya wa uwargida ta sami sukuni," in ji Yohanna. "Dibora ta ce ta gan ta jiya, duk ta faɗa."

Bayan an sauko daga masallaci na shiga gida da maganar a bakina. Tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Takardar likita, wadda na bari cikin ƙamus, tana kan tabarma kusa da ita, a cukuikuye. A gefenta akwai sawun babban yatsa, shuɗi, na maganin nan da ake shafa wa gyambo.

"Wa ya taɓa takardar nan?"

Ba ta ɗago ba. "Na kai wa Shu'ibu."

Shu'ibu mai kemis ne a bakin titinmu. Ɗalibina ne, shekara uku. Shi ya taɓa rubuta mini a jarrabawa cewa kogin Haɗeja a teku yake zubawa, alhali a bakinsa aka haife shi. Yanzu yana yi wa mutane allura ta cikin wando, suna ce masa dakta.

"Shu'ibu," na ce.

"Na tambaye ka a mota, ka ce sai mun iso gida. Mun iso gida, Malam. Yau kwana uku."

"Sai kika ɗauki takarda daga cikin littafina kika kai wa mai sayar da Panadol."

"Shi dai ya amsa mini."

"Me shehin malamin ya ce?"

"Ya ce tiyata ce. Za su tsaga gwiwar tun daga nan har nan." Ta nuna da yatsa, daga cinya zuwa ƙwauri. "Su kankare ƙashin, su ɗinke. Ya ce wasu ba sa tashi daga allurar barcin."

A nan ne ya kamata in yi dariya in zauna kusa da ita. Ina tsaye, ambulan na cikin aljihuna. Abin da na gani shi ne Shu'ibu yana juya takardar a gaban masu sayen magani, yana cewa ashe Malam ma ya kasa.

"To madalla," na ce. "Tunda kin sami malami, sai ki ci gaba da ɗaukar karatu a wajensa."

Na shige ɗaki.

Ina da doka a aji, duk wanda na koyar ya san ta. Ɗalibin da ya je ya tambayi na kusa da shi, ba na gyara masa kuskure sai ya ɗaga hannu ya tambaye ni da kansa. Ina iya jira mako guda. Na taɓa jiran wani yaro zango guda. Dokar ta yi aiki shekara talatin da biyu, ban ga dalilin da zai hana ta aiki a tsakar gidana ba. Ga kuma lokaci, saura kwana goma.

Na shirya mata darasin tsaf. Na zana gwiwa a bayan kalanda, da huji biyun, da bututun. Na ajiye fensir sabo da zan nuna mata kaurinsa. Na jira.

Tana kawo tuwo tana ɗingishi, ta ajiye, ta koma. Ranar Lahadi ta tsaya a bakin ƙofata ta daɗe, hannu a jikin bango.

"Malam."

"Na'am." Na ajiye littafi. Har na kai hannu wajen kalandar.

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. "Ruwan wanka ya yi zafi."

"To."

Ranar Laraba ƙaninta Bakari ya shigo gari da bandar kifi. Suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa a madafa. Da ya tashi tafiya ta zo ta durƙusa da ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe, ta ce tana so ta bi shi ta ga shinkafarta kafin ruwa ya rufe hanya. Kwana uku kawai.

Bakari ya leƙo. "Malam, a ba mu aron ta. Ba za mu cinye ta ba."

"Litinin muna Kano," na ce, ina kallon bango.

"Na sani," in ji ta.

"Allah ya kiyaye hanya."

Na ce a raina, ta dawo Asabar, na gaya mata a mota ranar Litinin. A motar da na ce ba a irin wannan magana.

Ba ta dawo Asabar ba. Ruwa ya zo a makon, ya shafe hanyar garinsu, sai kwalekwale. Litinin na sa babbar riga na zauna a zaure har azahar, sannan na tuɓe ta. Ban bi ta ba. Fushi nake, kuma fushin yana mini daɗi. Na ce likita na nan har ƙarshen Satumba, bari ta gama gudunta ta dawo ta tambaya.

Ranar Asabar uku ga Satumba wata mai sayar da kifi ta tsaya a ƙofar gida ta ce Bakari ya ce in zo.

Washegari na shiga kwalekwale. Da hantsi na isa. Tun daga ƙofar ɗakin warin ya tare ni. Tana kwance a tabarma, leɓunanta sun tsattsage, gwiwar ta kai girman ƙwarya, fatar tana sheƙi har cinya. Na ɗaga tsumman da aka ɗaure ta da shi. Huji uku, bakinsu baƙi, ruwa na tsatsa.

Sakiya aka yi mata. Wanzamin garin ya gasa ƙarfe a wuta ya huda kumburin, kamar yadda ake yi wa maruru. Ruwa rawaya ya fito, kowa ya yi hamdala, ƙafar ta yi sauƙi. Kwana biyu bayan haka ta ɗaure ta da tsumma ta shiga ruwan gona har gwiwa don ta ga shinkafarta. A rana ta uku zazzaɓi ya kwantar da ita. Likitan Kano huji biyu zai yi, kuma sun fi waɗannan ƙanƙanta.

Na ja Bakari waje.

"Wane jahili ne ya ba da izinin wannan?"

"Ita ta nema, Malam."

"Kai kuma ka tsaya kana kallo. Ƙarfen da ake huda ƙurjin jaki da shi. Kwana shida tana ruɓewa, kana banda kifi."

"Mun ɗauka zazzaɓin damina ne."

"Kun ɗauka. Duk garin nan babu mai hankalin da zai ce a tambayi wanda ya sani?"

Bakari mutum ne mai yawan wasa, ban taɓa ganin ya haɗe fuska da ni ba. Ranar ya haɗe.

"An tambaye ka, Malam. Ta ce sau biyu a mota."

Bai tsaya nan ba.

"Ta ce ka san yanka ne, shi ya sa ka kasa faɗa mata. Ta ce kwana biyu kana ɗaki ko abinci ba ka ci, kana neman yadda za ka sassauta mata maganar. Ta ce in kumburin ya sace kafin Litinin, ta huta, kai ma ka huta, ba sai ka kai ta da hannunka ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Tausayinka take ji. Har faɗa ta yi mini da na ce kana da taurin kai."

Muka shimfiɗa ta cikin kwalekwale, kanta a cinyata, Bakari da mai tuƙi suna tura gora. Kachala ta toshe mashigar da aka saba bi, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye rabin fadama, sai da muka zagaya. Rana ta take. Ina jiƙa hulata ina goga mata a goshi. Muka wuce ta gefen gonarta, shinkafar ta yi kyau, kawunanta kawai ake gani a saman ruwa.

Wajen la'asar ta buɗe ido. Idon ya washe, ta gane ni.

"Malam."

"Na'am."

"Kar ka bari su yanka ni."

Ga tambayar, ko abin da ya fi kusa da ita. Ga ɗaliba ta ɗaga hannu. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce mata, "Saurara. Kalmar nan da likita ya rubuta, asalinta daga Girkanci ne. Kashi biyu ce."

Haka na fara. Allah shaida ne, haka na fara, domin haka na tsara darasin, kuma ban taɓa fara darasi daga ƙarshe ba. Na gaya mata kashin farko, na ce gaɓa. Na kawo misalin ciwon sanyin ƙashi. Ina shirin shiga kashi na biyu Bakari ya ce, "Malam, ba ta jin ka."

Idon a buɗe yake, amma ya koma wani wuri.

A asibitin gari suka ce gubar ta shiga jini. Sun yi abin da za su iya. Wani likita ya ce in ta farfaɗo sai an buɗe gwiwar gaba ɗaya an wanke, ƙila ma a cire ƙafar. Ba ta farfaɗo ba. Ranar Talata da hantsi ta cika.

An zo ta'aziyya. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na ce haka ne. Shu'ibu ya zo da farar riga mai guga, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ai da an bi shawarar likita, Malam." Na dubi babban yatsansa. Ya wanke shi. Yohanna ya zauna kusa da ni kwana uku, a rana ta ƙarshe, yana neman takalminsa, ya tambaye ni a hankali ko na samu na gaya mata. Na ce ana kiran salla.

Shekara huɗu ke nan ina raba laifin nan kamar gado. Na fitar wa likitan da bai iya duban fuskar mace ya yi mata jimla biyu da Hausa ba. Na fitar wa Shu'ibu, da wanzami, da Bakari. Ba na gaisawa da biyu daga cikinsu. Miji rubu'i yake samu idan akwai ɗa, haka littafi ya ce, amma duk yadda na juya rabon sai in ga abin da ya rage a gabana ya fi na kowa.

Har yanzu ana kawo mini takardu. Ina karantawa. In ban sani ba, har yau bakina ba ya iya cewa ban sani ba. Sai in ce a kai wa Yohanna, idona ya yi rauni. Zaituna ta zo daga Kaugama ta kwashe kayan uwarta, ta so ta cire kalandar 1994 daga bango, na hana. Ba ta san akwai zane a bayanta ba. Fensirin ma yana nan, ban feƙe shi ba.

Na ƙirga kalmomin, don irin aikina ke nan. Goma ne, har da sunan. Da an faɗe su tsakanin tabarma da ƙofar ɗaki, ko a bakin ƙofa ranar ruwan wanka, ko a cikin kwalekwale kafin Girkawa su shigo.

Gumsu, ba yanka ba ne. Leƙawa kawai za su yi.